Sajan Na'Allah da Kan Keken Saude

Duk wanda ya taɓa kai ƙarar sata ƙaramin caji ofis ɗin nan da ke wani gari tsakanin Isa da Sabon Birni, to ya san Sajan Na'Allah. Shi ne mai zama a kanta, gajere mai ɗan tumbi, biro saƙale a bayan kunne, buta a gindin kujera. Ɗan Tozai ne, ɗan manomi, kuma da son ransa aka bi, da gero zai yi ta nomawa har ƙarshen rayuwarsa. Wani kawunsa ne ya kai sunansa aikin ɗan sanda a shekarar da fari ya cinye musu gona, ya tafi yana waiwaye. Aiki ya yi ta wurgi da shi, bana kudu baɗi gabas, matarsa Saude tana biye da ƙunshin kaya da 'ya'ya, har ta ƙware a gaisuwa da harsunan da ba ta san ma'anarsu ba. Sai da furfura ta fara leƙo masa aka maido shi kusa da gida. Ranar da suka sauke kaya, Saude ta zauna a kan turmi ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Malam, ni dai na iso. In sunka sake tashe ka, ka gaishe mani da mutanen can."

Ya yi dariya, amma ya san ba wasa take ba. Shi ma hakan yake so. Ya sayi gona a bayan gari, ya kafa rumbu, ya dasa dogonyaro a ƙofar gida, ya ƙudura cewa a nan ritaya za ta same shi.

Aikinsa ba mai wuyar bayani ba ne. In an shiga wa mutum gida an yi masa sata, sai ya zo kanta. Na'Allah ya rubuta zuwansa a babban littafin ofis, ya ɗauki bayaninsa a takarda, mai ƙara ya dangwala yatsa, a buɗe masa fayil. Daga nan a je a duba gidan, a leƙa katanga, a kalli ƙofa, a tambayi maƙwabta, su kuma su rantse ba su ga ko ƙuda ba. In an kama wani, fayil ya tafi kotu. In mai ƙara ya dawo ya ce ya janye, a rufe. In kuwa shiru, sai a rubuta "ana kan bincike" a bangon fayil, a ɗora shi a saman kabad. Ƙarshen kowane wata a tattara rahoto a aika gaba, daga can ya wuce Sakkwato: ga waɗanda aka kawo, ga waɗanda aka gama da su, ga waɗanda ke nan buɗe.

Matsalar Na'Allah ita ce ya iya sauraro. A wasu wuraren mutum ya gwammace ya haƙura da abin da aka sace masa da ya taka caji ofis. Amma wurin Saje, kamar yadda garin ke kiransa, sai ya ba ka benci, ya ba ka ruwa a moɗa, ya tambayi lafiyar tsohuwarka, sannan ya ce ka fara daga farko. Kana magana yana girgiza kai yana salati, kamar shi aka yi wa. Mutum ya fito zuciyarsa ta yi sanyi ko da ba a samu komai ba. Saboda haka kowa yake zuwa. Mai batirin sola ya zo, mai buhun dawa ya zo, har wadda aka ɗauke wa zakara ta zo. Shi kuwa ba ya raina ƙara, duk sai ya rubuta. Saman kabad ya yi ta cika har fayiloli suka fara gaisawa da rufi.

A can ƙasan tulin akwai fayil ɗin gidansa. Ba su daɗe da tarewa ba, ranar wani biki da ya kwashe matan unguwa, aka shiga ɗakin Saude da rana tsaka aka ɗauke kan kekenta na ɗinki. Keken da mahaifinta ya saya mata ne, ya bi ta duk garuruwan da suka zauna. Ɗansu Talha, wanda a lokacin saurayi ne mai rawar kai da ke ta nacin a ba shi jari ya tafi Maraɗi, shi ya rugo ofis da labarin. Na'Allah ya zo da kakinsa ya duba ɗakin matarsa kamar ɗakin baƙuwa. Ba a fasa kwaɗo ba. Ɓarawon ya kwance kan keken, ya lulluɓe teburin da zane don kada ƙura ta hau, da zai fita kuma ya ja ƙofa ya saƙale don kada awaki su shiga.

Na'Allah ya ce, "Wanga ɓarawo ya samu tarbiyya. Amma ki sa ido, Saude, za ni kama shi."

Ya sa ta zo kanta kamar kowa, ta ba da bayani, ta dangwala yatsa. Shekaru suka yi ta wucewa. Talha ya tafi Maraɗi, ya yi ɗan dako, ya samu shago, ya yi aure, ya zama mutum. Saude ta daina maganar keke. Duk ranar Laraba sai ta ɗaure yadi ta tafi Kamarawa wurin ƙanwarta Ikilima, wadda Allah ya hore wa keke, ta yi ɗinkinta a can ta dawo da yamma. Ko kakin Na'Allah in ya yage can ake kai shi. Abin da ke ba shi dariya shi ne Talha, wanda duk Sallah in ya aiko da tsaraba sai an samu kwalbar man keke da allurai a ciki. Na'Allah ya kan ɗaga kwalbar ya ce yaron nan har yau bai san uwarsa ba ta da keke ba. Saude ta karɓe ta ce ai Ikilima na so.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya yi suna da ita. Duk wanda fayil ɗinsa ke saman kabad, in sun haɗu a kasuwa ko a masallaci, sai Na'Allah ya tsaya ya yi masa jaje sabo fil, ko shekara nawa aka yi. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ba mu mance ba, ana kan bincike. Allah shi mayar da alheri." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce amin. Na'Allah yana ganin baƙin ciki ne ya sa suke sunkuyawa, tausayinsu ya ƙara kama shi.

Ana nan aka kawo sabon shugaban ofis, Sufeto Jamaluddeen, mutumin Zariya, mai fara'a da son aiki. Bai yi wata biyu ba ya dawo daga taro a Sakkwato da fuska a ɗaure. Ya kira Na'Allah ofishinsa ya ce ya zauna.

Ya ce, "Baba Saje, an karanta rahotonmu a gaban kowa. Duk yankin nan babu inda ake da satar gida da ba a gano ba kamar nan. Sun ce ko dai garin ɓarayi ne, ko mai riƙe da fayilolin ya gaji. Sunanka na cikin waɗanda za a canza wa wurin aiki."

Na'Allah ya gyara zama. Ya tambayi ina. Sufeto ya faɗi sunan wani gari da sai an kwana a hanya. Gero na gab da fitar da kai, ritaya ta kusa, ga kuma maganar da Saude ta yi a kan turmi.

Sufeto ya ce, "Ni na ga yadda kake aiki, ba na son ka tafi. Amma ba zan je musu da baki kawai ba. Kafin rahoton watan nan ya tashi, in waɗanda aka rufe suka fi waɗanda ke buɗe, ina da abin faɗa. In ba haka ba, hannuna a ɗaure yake."

Da Na'Allah ya koma gida ya kasa ɓoyewa. Saude tana tankaɗe, ta saurare shi har ya gama. Sai ya lura garin ya ƙare a rariya tana ta kaɗa ta.

Washegari ya sauke tulin, ya kakkaɓe, ya zuba wasu a jaka, ya hau tsohon babur ɗinsa. Bai san abin da zai samo ba, amma ya ga gara ya sake bin gidajen da ya zauna jiran takarda. Ya fara da Alhaji Is'haƙa, ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi, wanda aka sace wa batirin sola shekarun baya. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura. Wayarsa ta kusa mutuwa, Alhaji ya karɓa ya jona masa a wani batiri da ke lungu. Na'Allah ya buɗe fayil ya fara karanta bayanin da Alhaji ya bayar: batiri baƙi, an ɗiga masa jan fenti a gefe, hannunsa ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Ya ɗaga kai ya kalli lungu. Ya sake kallon takarda. Ya sake kallon lungu.

Ya ce, "Alhaji, wanga batiri da ni ka caji da shi, ɗan'uwan wancan na?"

Alhaji ya shafa gemu, ya kalli rufin zaure kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Saje, shi na. Ya dawo."

"Yaushe?"

"Satin da anka ɗauke shi."

Na'Allah ya aje ludayi. "Alhaji! Sau nawa ni ka tsai da kai bakin masallaci ina yi maka jaje?"

"To mi za ni ce maka? Kai ka yi addu'a, ni in ce amin. Addu'a ai ba ta ɓaci."

Daga nan Alhaji ya warware masa abin da shi kansa Na'Allah ya sani tun yana yaro a Tozai, amma kaki ya sa aka daina faɗa a gabansa. In an yi sata, bayan an je wurin Saje an huce, sai a gaya wa mai unguwa. Mai shela ya zaga ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za a karanta Yasin a kan wanda ya ɗauki kayan wane. Sau da yawa kafin Juma'ar sai a wayi gari a ga kaya a gindin katanga ko a bakin zaure. Daga nan magana ta mutu. Ba a tambayar wa ya kawo, ba a faɗa wa kowa, don galibi in aka tona za a tarar ɗan gida ne, ko ɗan maƙwabci, ko wanda za a ba wa 'ya baɗi. Wanda aka yi wa sata ya samu kayansa, wanda ya yi ya samu hanyar komawa cikin mutane.

Alhaji ya ce, "In munka dawo munka hwaɗa maka, kai ɗan sanda na, dole ka tambayi wa yak kawo. Mu kau ba mu son mu yi maka ƙarya. Shi ya sa munka yi shiru, don girmanka."

Na'Allah ya ce, "Don girmana za a kai ni inda ko gero ba a nomawa."

Ya bi sauran gidajen yana dariya yana jin haushi lokaci guda. A wani gida aka zuba masa shayi daga butar da yake nema. A wani ya ɗaure babur ɗinsa kusa da injin ban ruwa da ya taɓa bin sawunsa har bakin gulbi. Mai zakara ta ce nata bai dawo da rai ba, amma an aiko da wani da ya fi shi ƙiba. Ba duka ba ne, gaskiya. Akwai gidajen da aka yi wa sata ta gaske, kaya suka tsallaka iyaka, ba su dawo ba kuma ba za su dawo ba. A irin waɗannan gidajen jajensa na da wurin zama, kuma ya sake yin sa.

Ya koma wurin Sufeto ya tambaye shi abu guda: in mai ƙara ya ce kayansa sun dawo ya janye, dole ne sai ya faɗi sunan wanda ya maido? Sufeto ya ce a'a. Za a tambaye shi, don ƙa'ida ce, amma abin da ya faɗa shi za a rubuta, ya dangwala yatsa, a rufe. Sai da Sufeto ya yi dariya har ya share hawaye da ya ji labarin batiri.

Na'Allah ya kai maganar wurin masu unguwa, su kuma suka ba mai shela. Wannan karon shelar ba ta ɓarawo ba ce. Cewa aka yi duk wanda ya san kayansa sun dawo, ya taimaki Saje ya je ya faɗa, ba za a matsa wa kowa ba, in kuwa ba a je ba, za a ɗauke Saje a kawo wanda ba ya ba da ruwa a moɗa.

Ranar kasuwa caji ofis ya cika kamar gidan suna. Na'Allah ya jera fayiloli kashi biyu a kan kanta, na buɗe a hagu, na rufe a dama. Kowa ya zo sai ya yi masa tambayar ƙa'ida: "Ka san wanda yam maido?" Amsar kuwa kamar a makarantar allo aka koya musu: "Na tashi da sahe nig gan shi tsakar gida." Ya rubuta, a dangwala, fayil ya tsallaka daga hagu zuwa dama. Mutane suna tsokanarsa, wani ya ce a biya shi amin ɗin da ya yi ta bayarwa, wani ya ce shi zai yi kewar jajen.

Da la'asar ta yi layi ya ƙare, tulin biyu suka tsaya kai da kai. Na'Allah ya duƙa ya hange su ta gefe, ya danna na hagu da tafin hannu ko zai lotsa, bai lotsa ba. Sufeto ya ce fi aka ce, ba daidai ba.

Sai ga Inna Maijidda, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, ta shigo da sandarta. Ita tunkiya aka ɗauke mata daga cikin gida, kuma kowa ya san ba ta dawo ba. Ta miƙo babban yatsa tun daga ƙofa.

Ta ce, "Ɗana, kawo tawwadar. Rubuta ta dawo."

"Ta dawo, Inna?"

"Kai dai rubuta. Mi ar ruwanka?"

Zuciyarsa ta raya masa ya karɓa, ba zai yi musun haka ba. Ya kalli yatsan, ya kalli tulin dama. Sannan ya kama hannunta ya naɗe mata yatsan a hankali.

Ya ce, "Inna, in nir ruhe taki, ko gobe anka ga tunkiyar kasuwa ba ni da bakin karɓo maki. Bar ta nan. Allah shi mayar da alheri."

Ta ce amin, ta ƙara da cewa taurin kansa irin na mutanen Tozai ne, ta fita tana mita. Na'Allah ya zauna, ya zare biro daga kunne ya aje. Ya fara tunanin wa zai bar wa gona, da yadda zai iya cin tuwon da ba na Saude ba.

Bai ji shigowarta ba sai da ta yi sallama. Saude ce, da mayafinta na zuwa unguwa, ta tsaya a gaban kanta inda masu ƙara ke tsayawa. A tsawon zamansu a garin sau ɗaya ta taɓa taka ofishin.

Ya ce, "Lahiya? Wani abu yas samu gida?"

Ta ce, "Wurin Saje niz zo, ba wurin Malam ba. Ɗauko takardata."

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ɗaga tulin hagu, ya zaro na can ƙasa, wanda bangonsa ya yi ja don tsufa. Ya buɗe. Ga rubutunsa, ga yatsanta.

Ta ce, "Kan keken ya dawo."

"Yaushe?"

"Kwana kaɗan bayan an ɗauka."

"Ina yake?"

"Kamarawa, ɗakin Ikilima. Ita ko zare ba ta iya sawa a allura ba." Ta nuna aljihun kakinsa da haɓa. "Wanga ɗinkin ma shi yay yi."

Na'Allah ya shafa aljihun. Ya so ya yi faɗa, ya so ya yi dariya. Idonsa ya sauka a kan abin da ya rubuta da hannunsa tun wancan lokaci: ba a fasa kwaɗo ba, an lulluɓe tebur da zane, an saƙale ƙofa saboda awaki. Duk gidan mutum ɗaya ne Saude ta yi ta fama da shi a kan barin ƙofa a buɗe har ya koya. Ya tuna yadda Talha ya rugo ofis yana haki, ya kasa haɗa ido da shi. Ya tuna kwalbar mai da ke zuwa duk Sallah. Ya tuna kuma sau nawa ya zauna a tsakar gida yana cika baki cewa zai kama ɓarawon ya kai shi kotu da hannunsa, Saude tana jin sa tana tuƙa tuwo. Tausayinta ya kama shi, da kunya, da wata irin godiya da bai san inda zai aje ta ba.

Saura tambayar ƙa'ida. Sufeto na tsaye a ƙofar ofishinsa. Na'Allah ya gyara murya, bai ɗaga kai ba.

"Kin san wanda yam maido?"

Saude ta ce, "Na tashi da sahe nig gan shi tsakar gida."

Ya rubuta haka, kalma da kalma. Ya tura mata tawada, ta dangwala kusa da tsohon yatsanta. Ya rufe fayil ɗin ya ɗora a dama. Sufeto ya zo ya hangi tulin biyu ta gefe, ya ce to yanzu yana da abin faɗa a Sakkwato, ya koma ciki ya ja ƙofa ya bar su.

Takardar canjin ba ta zo ba. Na'Allah ya girbe geronsa a shekarar, kuma har ya yi ritaya yana nan a kantarsa yana ba da ruwa a moɗa. Fayil ɗin Inna Maijidda na saman kabad, yana yi mata jaje duk inda suka haɗu, tana ce masa mai taurin kai.

Amma a ranar da aka rufe fayil ɗin keken, da suka fito, shi ya goya Saude a babur har gida. Laraba ta zagayo ya je Kamarawa da kansa ya ɗauko kan keken, ya ɗaura shi a kan teburinsa. Da yamma yana zaune gindin dogonyaro, ƙarar keke na fitowa daga ɗaki, ya ciro waya ya kira Maraɗi. Suka gaisa da Talha, ya tambayi iyali da kasuwa.

Sannan ya ce, "In za ka aiko da saƙo, ka ƙaro man keke. Ya dawo gida, innarka na ɗinki."

Na'Allah ya duba wayar ko ta katse. Can ya ji muryar ɗansa ƙasa-ƙasa.

"To, Baba."

Na'Allah ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Ka gaida yara."